Takin gida, kamfa ko yuriya: wanne ya dace da ciyawar ado a yashin Damagaram?

Kafin a yi maganar wane taki za a saya, sai an fara lissafin ruwa. Filin ciyawa mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wato murabba'in mita 100, yana shan lita 500 zuwa 600 a kowace rana ta Afrilu da Mayu in ana so ya zauna kore. Ganga uku ke nan masu lita 200, ko jarka sama da ashirin daga hannun ɗan ga-ruwa, kullum. Zinder kuwa a kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo-Machaya da Aroungouza da Ganaram, kuma da bazara akwai unguwannin da famfo kan kwana biyu bai ɗiga ba. Taki yana sa ciyawa ta yi ganye, ganye kuma ruwa yake sha. Saboda haka takin da ya dace da filin otal ko na ma'aikata mai rijiyar burtsatse da tanki ba shi ne ya dace da ɗan filin tsakar gida a Garin Malam ba, ko da ciyawar iri ɗaya ce.

Ciyawar da ake magana a kanta a nan ƙiri-ƙiri ce, mai yaɗo a kan ƙasa da ƙarƙashinta. Ita ce ke jure zafinmu da takun ƙafa, in ta bushe da rani saiwarta ba ta mutuwa da wuri. Duk awon da za a ambata nata ne, kuma a kan murabba'in mita 100 aka yi shi. Mai rabin haka ya raba biyu.

Ƙasar da za a zuba wa takin

Yawancin filayen Damagaram jigawa ne. Yashi ne mai ƙarancin ruɓaɓɓen abu, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, mai ƙarancin sinadarin fosfor, kuma yakan ɗan karkata wajen tsami. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe komai. Zuba mata takin zamani da yawa a lokaci guda kamar ɗiban ruwa ne da kwando: ruwan sama ɗaya mai ƙarfi a Agusta ya isa ya gangarar da abincin zuwa inda saiwa ba ta kai.

Amma ba kowane fili ne haka ba. A cikin gari, musamman gidajen da aka gina kwanan nan, ƙasar tsakar gida cike take da ɓurɓushin siminti, da toka, da ruwan wanki na sabulu. Wannan ƙasa ta bar tsami ta koma ɓangaren kanwa. Haka ma wasu kwaruruka na gabas, irin na wajen Gidimuni da Gure, inda kanwa ke fitowa fari a saman ƙasa. Bambancin yana da muhimmanci, domin yuriya ta fi saurin tashi sama a ƙasa mai kanwa, kuma a nan ne ciyawa ke yin rawaya ko an ba ta taki. Gwaji mai sauƙi: a ɗebi busasshiyar ƙasa a cokali, a ɗiga mata ruwan lemun tsami. In ta yi kumfa, akwai siminti ko farar ƙasa a ciki. Mai babban fili, kamar filin ƙwallo, ya fi masa alheri ya kai samfurin ƙasa a auna masa a ɗakin gwaji irin na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, kafin ya kashe kuɗi.

Abin da lambobin buhu ke nufi

Lambobi ukun da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari na azot, da fosfor, da potas, a jere. Azot shi ne na ganye da korewa, fosfor na saiwa, potas na juriyar fari da cuta. Ciyawar da ake aske wa kai a kai azot ta fi ci: kusan kashi uku ko huɗu na azot, ɗaya na fosfor, biyu na potas. Babu ɗaya daga cikin takin da ke kasuwarmu da ya zo daidai da wannan, shi ya sa ake haɗawa.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23, domin kashi 46 ne. Buhun kamfa, wato takin da ya haɗa sinadaran uku, mai lamba 15-15-15, azot ɗinsa kilo 7 da rabi ne. Na 20-10-10, wanda ke shigowa daga Najeriya, kilo 10. DAP, mai lamba 18-46-0, azot kilo 9 da fosfor kilo 23. Da wannan ake kwatanta tsada, ba da farashin buhu ba. Wanda korewa kawai yake nema, in ya sayi kamfa 15-15-15, sai ya zuba ninki uku kafin ya sami abin da yuriya za ta ba shi.

Yuriya

Ita ce mafi ƙarfi, mafi arha in an lissafa da azot, kuma ita ce ta fi ɓata fili in an yi ganganci. Aikinta yana bayyana cikin mako guda: ciyawa ta yi kore shar, ta miƙe. Bayan mako uku zuwa huɗu a yashi, ta ƙare.

Iyakar abin da ake zubawa lokaci guda giram 5 na azot ne a kowane murabba'in mita, wato giram 11 na yuriya, kilo ɗaya da giram 100 a filin gaba ɗaya. Gorar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi, in an yanke bakinta aka cika, kusan wannan nauyin take ɗauka. Wannan awon na ƙasa mai laka ne. A jigawa rabin gora ya fi, giram 550, a maimaita bayan mako huɗu. Abin zai yi wa ido kaɗan, har mai gadi ya ce wannan ai ba taki aka zuba ba. A nan ne ɓarna ke farawa, domin hannun da ya saba da gonar masara shi ke ƙona ciyawa.

Hanya uku yuriya ke lalacewa. Ta farko ƙuna. Ƙwayar yuriya in ta maƙale a jiƙaƙƙen ganye ko ta taru wuri guda, takan tsotse ruwan jikin ciyawar kamar yadda kowane gishiri ke yi, kwana ɗaya zuwa uku sai ka ga tabo ja-ja daidai inda hannu ya yi nauyi. Ta biyu tashi sama. In aka bar ta a saman ƙasa mai danshi cikin zafi, takan rikiɗe ta zama iska mai wari ta gudu, asarar tana iya kai kashi ɗaya cikin uku, ta fi haka ma a ƙasa mai kanwa ko toka. Ta uku gangarewa ƙasa in ruwa ya yi yawa. Maganin biyun farko ɗaya ne: a zuba da yamma a kan busasshen ganye, a bi da ruwa nan take, lita 5 zuwa 10 a kowane murabba'in mita. Lita 500 ke nan mafi ƙaranci. Wanda ba shi da wannan ruwan a tanki a ranar, ya bar yuriyar a buhu.

Ga ƙaramin fili akwai hanyar da ta fi watsawa da hannu: narkarwa. A raba filin kashi goma da igiya ko da alama a ƙasa. A butar ban ruwa mai rariya a baki, mai lita 10, a narkar da giram 55, kusan cikin ƙaramin kofin shayi ɗaya (a auna kofin sau ɗaya a sikelin mai shago, don kofuna sun bambanta). Buta ɗaya kashi ɗaya. In an gama a bi da ruwa zalla a wanke ganyen. Da wuya a ga ƙuna ta wannan hanya, kuma korewar tana fitowa bai ɗaya, babu zane-zane.

Gargaɗi ga masu dabbobi a gida: yuriya guba ce ga tumaki da awaki da shanu in sun ci ta tsagwaronta ko sun sha ruwan da aka narkar da ita. Ragon layya da ke ɗaure a gefe yana iya lasar buhu ko ya tsoma baki a bokiti, cikin ƙanƙanin lokaci ya kumbura ya faɗi. A ɗaure dabbobi nesa, a wanke bokitin, kada a sake su kan filin sai an shayar da shi sosai ƙwayoyin sun ɓace.

Kamfa

Amfanin kamfa shi ne tana kawo abin da yuriya ba ta da shi. Fili da aka shekara biyu ana ba shi yuriya zalla a jigawa yakan kai lokacin da ko an zuba ba ya amsawa: ganye ya yi siriri, saiwa ta taƙaita, ya riƙa bushewa da wuri. Fosfor da potas ne suka ƙare. Kilo 2 na 15-15-15 sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, ya toshe wannan giɓin.

Illarta ita ce in aka mai da ita takin kullum. A 15-15-15 fosfor ya yi daidai da azot, alhali ciyawa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu take buƙata. Fosfor ba ya gudu, taruwa yake yi, kuma in ya yi yawa a ƙasa mai kanwa yana ƙara hana ciyawa shan sinadarin ƙarfe. An biya kuɗin abin da ba a buƙata, an kuma jawo rawaya. Wanda yake son buhu ɗaya tak, ba ya son haɗe-haɗe, 20-10-10 ta fi kusa da abin da ciyawa ke ci: kilo ɗaya da kwata a kowace zubawa a yashi, kilo biyu da rabi a ƙasa mai laka.

A duba cikin buhun. Wata kamfar kowace ƙwaya launi ɗaya ce, an narka sinadaran tare. Wata kuma gauraye ce: fari, da ja, da toka-toka, kowanne da aikinsa. Mai gaurayen tana rarrabuwa a hanya, girgizar mota ta tura ƙanana ƙasan buhu, sai wanda ya sayi awo daga sama ya sami wani abu, na ƙasa ya sami wani. A juye a kan tabarma ko leda a cakuɗa kafin a auna.

DAP da supa, wanda shi ma takin fosfor ne, ba takin yau da kullum ba ne, na ranar shuka ne. Fosfor ba ya bin ruwa zuwa ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama, don haka lokacin da ya fi amfani shi ne kafin a dasa, a juya shi cikin ƙasa da fartanya: DAP kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ko supa kilo huɗu zuwa biyar. Garin fosfat na Tahoua ma yana aiki, amma a hankali, kuma sai a ƙasa mai tsami. A tsakar gida mai siminti zama zai yi kawai.

Takin gida

A nan ya kamata mai fili a Zinder ya fi kashe ƙarfinsa. In aka kwatanta da azot kawai, takin shanu ba komai ba ne: busasshe bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba, wanda aka share daga garke ma rabinsa yashi ne, kuma kaɗan daga cikin wannan azot ɗin ke fitowa a shekarar farko. Amma aikin da yake yi babu buhun da zai yi shi. Yana sa yashi ya riƙe ruwa, yana kama takin zamani kada ya gangare, yana kawo ƙananan sinadarai irin su ƙarfe da tutiya, kuma ba ya ƙuna in ya ruɓe. A fili biyu masu samun ruwa daidai, mai takin gida ne zai kai yamma bai yi yaushi ba.

Kafin shuka ake zuba mai yawa: kilo 3 zuwa 5 a kowane murabba'in mita, wato kilo 300 zuwa 500, a juya shi cikin santimita 15 zuwa 20 na sama. Wannan dama sau ɗaya ake samunta, in ciyawa ta rufe ba a ƙara iya tona ƙasa. Bayan nan sai barbaɗawa a kai sau ɗaya a shekara: a aske ciyawar ƙasa-ƙasa, a tankaɗe takin da ragar da magina ke tace yashi, a baza kaurin rabin santimita. Lita 500 ke nan, baro bakwai zuwa takwas. A bi da tsintsiyar kwakwa ko manjagara a shigar da shi tsakanin ganye har kan ciyawar ya leƙo, sannan a shayar. In aka binne ganyen gaba ɗaya, rawaya zai yi ya ruɓe.

Takin tumaki da awaki ya fi na shanu ƙarfi, amma ƙwayoyinsa suna daɗewa ba su fashe ba, suna gangarawa a kan ciyawa. Sai an jiƙa shi ya ruɓe ko an daka. Kashin kaji shi ne mafi zafi, azot ɗinsa kan kai kashi 3 cikin ɗari, kuma yana saurin aiki kusan kamar takin zamani. Kilo 20 na busasshe ruɓaɓɓe ya ishi filin. Ɗanyensa yana ƙuna, ga wari, ga ƙuda.

Babbar matsalar takin gida ita ce zuba shi ɗanye. Dabbobinmu a daji suke kiwo, ƴaƴan ciyawa kuma ba duka ke mutuwa a cikinsu ba, ga waɗanda ke zubowa daga harawa da ragowar abinci a turke. Amalanke ɗaya na ɗanyen taki ya isa ya shuka ƙarangiya da tsidau da gude-gude da tafasa a filin da aka yi domin yara su yi wasa ba takalmi. In aka yi rashin sa'a ƙasar da aka kwaso tana da ƴaƴan aya-aya, an shiga aikin shekaru. Ga gara, wadda ke bin kara da busasshen kashin shanu, ga gwazarma a cikin tsohon juji.

Ruɓar da shi ba wuya. A yi tsibi mai tsawo da faɗi kamar mita ɗaya da rabi, tsayi ya kai ƙugu, a inuwa. Ana jerawa ana yayyafa ruwa: taki, ganye ko ciyawar da aka aske, taki. Danshin da ake so shi ne in ka damƙa a hannu ya dunƙule amma ruwa bai tsiyayo ba. A rufe da tsofaffin buhuna ko zana don iskar hunturu kada ta busar da shi. Bayan kwana uku zuwa biyar a soka ƙarfe a tsakiya, a zaro, in ya yi zafin da ba za ka iya riƙewa da daɗi ba, aiki yana tafiya. Wannan zafin, digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƴaƴan ciyawa. A juya kowane mako biyu, na gefe ya koma tsakiya, a ƙara ruwa. Wata biyu zuwa uku ya nuna: ya yi baƙi, ya yi sanyi, yana marmashewa, ƙamshinsa na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Tsibin da bai yi zafi ba, ko dai ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Wanda ke wari kamar masai ruwa ya yi masa yawa, a baza shi ya sha iska.

Takin bola na cikin gari, wanda masu amalanke ke kawowa da arha, ba na filin da ake zama a kai ba ne. Leda, da kwalba, da tsofaffin batura, da toka mai yawa ne a ciki. Toka ita kaɗai tana da potas, kuma a jigawa mai tsami ana iya barbaɗa kilo biyar zuwa goma a shekara, amma a ƙasa mai siminti ko kanwa ƙara ciwo take yi. Kuma ba a haɗa ta da yuriya, ko a biyo da ɗaya bayan ɗaya a mako guda, domin toka ce ke korar azot ɗin sama.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai ƙaramin fili da ke dogara da famfo da ɗan ga-ruwa: takin gida ruɓaɓɓe sau ɗaya a shekara, kamfa kilo 2 a farkon damina, yuriya rabin gora sau ɗaya ko biyu cikin damina, shi ke nan. Daga Nuwamba kada ya ƙara takin zamani. Ya bar ciyawar ta yi barcinta, ya riƙa ba ta ruwa mai nitsewa sau ɗaya a mako ko kwana goma don saiwa ta rayu. Za ta yi fari-fari da bazara, ta farfaɗo da ruwan Yuni da Yuli. A ganinmu wannan ya fi dacewa da yawancin gidajen garin, kuma ya fi a tilasta mata korewa a Afrilu da yuriya sannan ruwa ya yanke a tsakiya.

Mai rijiya da tanki, wanda ke son kore duk shekara, ga yadda shekararsa za ta kasance. Ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, in ruwa ya zauna, kamfa 15-15-15 kilo 2. Ƙarshen Yuli yuriya giram 550, ƙarshen Agusta a maimaita. A Agusta a lura da sama: in hadari ya haɗu baƙi ƙirin ba lokacin zubawa ba ne, gara a jira washegarin ruwan, ganye ya bushe, a zuba a shayar da hannu. Ƙarshen Satumba kamfa kilo 2, don potas ɗin ya shirya ta wa rani. Ƙarshen Oktoba yuriya giram 550, sai takin gida a Nuwamba. Disamba da Janairu a huta, domin sanyin dare yana rage wa ƙiri-ƙiri girma, takin da ba ta ci ba kuwa ruwan ban ruwa ne zai tafi da shi. Ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da gari ya fara ɗumi, yuriya giram 550. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwa kawai. Jimilla kamfa kilo 4 da yuriya kilo 2 da ɗan ɗori a shekara, azot wajen giram 16 a murabba'in mita. Shekarar da aka sami takin gida mai kyau, a soke yuriyar Oktoba.

Wannan lissafin ya nuna cewa buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin gida ɗaya. Yuriya tana jan danshi, damina ɗaya ta dunƙule ta zama dutse. A saya da awo, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su raba buhu. Abin da ya rage a ɗaure shi tam a leda biyu, a ɗora kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Sayen awo kuma yana da nasa haɗarin, tun da ba ka ga buhun ba. A jefa cokali ɗaya na yuriya a rabin kofin ruwa a motsa: ta gaskiya narkewa take yi tas, kofin ya yi sanyi a hannu. In wani abu ya kwanta a ƙasa, an yi mata haɗi. Kamfa ba ta narkewa duka ko da mai kyau ce, don haka wannan gwajin bai shafe ta ba.

Sabon fili kuwa, bayan takin gida da fosfor da aka juya a ƙasa, a dasa yaɗon ƙiri-ƙiri tazarar santimita 15 zuwa 20, a bar shi mako uku ya kama kafin ya ga yuriya, kuma rabin awon da aka saba. Farkon damina ya fi, cikin wata biyu ya rufe ƙasa.

Watsawa da hannu

In filin ya fi ƙarfin buta, a auna shi tukuna da igiya ko da taku, kada a yi kintace. A raba takin kashi biyu daidai. Kowane rabi a cakuɗa shi da busasshen yashi ninki uku ko huɗu a bokiti, don hannu ya sami abin damƙa kuma ƙwayoyin su bazu. Rabin farko a bi filin daga gabas zuwa yamma, na biyu daga kudu zuwa arewa. Wanda ya bi sau ɗaya kawai zai ga aikinsa bayan mako guda, layi kore layi fari. A cika bokitin a kan daɓe ko kan buhu, ba a kan ciyawa ba. In ya zube, a kwashe da hannu da tsintsiya tukuna, sannan a malala ruwa, lita 20 zuwa 25 a kowane murabba'in mita na wurin, kwana uku a jere.

Ciyawar da aka aske, in gajera ce, a bar ta a wurin ta ruɓe. Tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na azot ɗin da filin ke buƙata. Mun san da wuya mai rago ya ga ɗanyar ciyawa a Maris ya bar ta a ƙasa, to wanda ke kwashewa ya sani cewa abincin filin yake kwashewa, kashin ragon ya dawo ta hanyar tsibi. Tsayin aski santimita 3 zuwa 5, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a lokaci guda.

In ciyawa ta sauya launi

Ba kowace rawaya ce yunwa ba, kuma mafi yawan ɓarnar yuriya daga wannan kuskuren take fitowa. Ƙarancin azot yana kama filin bai ɗaya, daga tsofaffin ganyen ƙasa, girma ya tsaya. Wannan ne kaɗai yuriya ke magani. In sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya, tsofaffin suna nan kore, musamman a gindin katanga ko inda ake zubar da ruwan wanki, sinadarin ƙarfe ne ƙasa ta riƙe. Ƙara yuriya ko kamfa ƙara muni yake yi. Maganin dindindin takin gida ne da kawar da ruwan sabulu. Na gaggawa, in an samu, salfat na ƙarfe giram 60 a lita 15 na ruwa, a fesa da yamma, a kiyaye daɓe da bango domin yana barin tabon tsatsa. A irin wannan ƙasar salfat na amoniya, mai azot kashi 21, ya fi yuriya, kilo ɗaya da giram 200 a madadin rabin gora, sai dai ba kullum ake samunsa ba.

Ƙishirwa launinta daban: ganye ya naɗe, ya yi toka-toka mai shuɗi, in ka taka sawunka ya zauna bai tashi ba. Tabo ja mai zobe kore shar a gefe fitsarin dabba ne, ruwa kawai yake so. Farin ɓawo a saman ƙasa gishirin ruwan rijiya ne ya taru saboda yayyafi kaɗan-kaɗan kullum, a koma shayarwa mai nitsewa da tazara. Inda ciyawa ke ɗagowa kamar tabarma in an ja ta, a tona a duba tsutsa ko gara.

Ƙarƙashin dogon yaro kuwa, inda ciyawar ta yi tsirara tana miƙa wuya, babu takin da zai gyara. Ƙiri-ƙiri tana son rana ta awa shida ko fiye a yini, saiwar itacen kuma tana riga ta shan ruwa da takin duka. A rage rassa, ko a daɓe wurin a shimfiɗa tabarma.